Yadda Za Ka Sa Surukinka Ya Yi Wanka a Turai

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan Allah ya nufe ka da tafiya Turai tare da surukinka, masu gayyata kuma suka sauke ku a tanti maimakon otal, to kai nake nema. Na yi maka alkawari: bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, surukinka zai yi wanka, girmansa ba zai zube ba, aurenka kuma zai dawo gida da ƙafarsa. Ba a taɓa bin hanyar nan aka ji kunya ba. Gaskiya ne sau ɗaya tak aka taɓa bin ta, amma ai an dace.

Sunana Muttaka. Ina koyar da Turanci a wata firamare a Haɗeja, ni ne kuma sakataren ƙungiyar manoman fadamar yankinmu. Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Tukur Yelwa, mahaifin matata Mardiyya. Dattijo ne dogo, ya haura saba'in, Bafillace wanda iyayensa suka ajiye sanda suka kama fartanya. Sun bar kiwo, ba su bar fulako ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai taɓa ganin haƙorina ba. Mutum ne mai wanka biyu a rana, farar rigarsa kuwa ko ƙuda yana jin nauyin sauka a kanta.

Kacala ce ta kai mu. Duk wanda ke bakin kogin Haɗeja ya san doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa. Shekara uku ke nan da ta rufe mashigin da ke shayar da gonakin ƙauyuka huɗu na ƙungiyarmu. Noman rani ya gagara, samari suka watse cirani. Sai wata ƙungiyar masu nazarin fadama a ƙasar Holan ta gayyaci mutum uku, mu ga yadda suke yanke tasu, ranar Juma'a kuma mu yi bayani gaban waɗanda za su yanke shawarar ba mu injin yanka ko hana mu. Aka zaɓi Alhaji don ya san kogin, ni don Turanci, sai Shu'ibu, wani masunci daga wajen Miga. Shu'ibu Babarbare ne ta wajen uwa, wato abokin wasan Alhaji, kuma duk abin da ya gani da safe sai kasuwa ta ji kafin azahar.

To, ga matakan.

1. Ka cika baki tun daga gida

Wannan shi ne tushe. Idan matarka tana haɗa maka kaya ta ɗauko ƙaramin bokiti da moɗa za ta cusa a jaka, ka yi dariya. Ka ce mata Turai fa za a, ba Jahun ba. Haka na yi wa Mardiyya. Ta dube ni, ta zare bokitin, ta bar buta ba tare da ta nemi izinina ba.

Kada ka tsaya nan. Je ka gaida surukinka, ka durƙusa, ka tabbatar masa ba ya bukatar ɗaukar komai, har buta, domin can ko famfo sai ya gaishe ka kafin ya zubo. Ba sai ka taɓa zuwa ba. Ni iyakar tafiyata Abuja ce, amma na karantar da darasin yanayin Turai sau da yawa, na ɗauka ya isa.

Ranar Asabar muka sauka. Wata baturiya mai gajeren gashi da takalmin roba ta tare mu da motar kaya da karenta. Sunanta ya ƙi bakin Shu'ibu, ya raɗa mata Asabe, ta amsa. Muka wuce otal-otal masu kyau ɗaya bayan ɗaya, ina gyara zama, har muka tsaya a wani filin ciyawa bakin ruwa. Ta fito da tanti uku. Ta ce fadamomin da za mu zagaya suna nesa da gari, kuma mutanen ƙasar da kansu sukan kulle gidajensu lokacin hutu su zo nan su kwana a ƙasa don nishaɗi.

Na fassara. Alhaji ya daɗe yana kallon tantin.

“Mahaifina ya sayar da shanu arba'in don mu daina kwana a irin wannan,” ya ce.

2. Ka saba da shawa mai rowa

A sansanin farko za ka tarar da ɗakin wanka tsaf, ga ƙofa, ga sakata. Kada ka yi murna. Babu famfon murɗawa, sai wani maɓallin ƙarfe a bango kamar murfin kwalba. Ka danna, ruwa ya zubo, ka ce ai shi ke nan. Kafin ka gama jiƙa kai ya ɗauke. Tsawon ruwan bai kai gaisuwar mutum biyu a hanyar kasuwa ba: sannu, ya gida, ya iyali, ɗif.

A lokacin ka riga ka cika fuska da kumfa. Nan fitila za ta mutu, domin ita ma sai ta ga motsi take aiki, kai kuwa ka sandare kana jiran ruwa. Rashin sani ya fi dare duhu, to ga su duka biyun a ɗaki ɗaya.

Ga dabarar, kyauta na ba ka, ni da idona na saye ta. Jingina goshinka da maɓallin, ka riƙa tura shi kamar rago mai neman faɗa. Hannun dama ya riƙe soso. Hannun hagu ya riƙa kaɗawa sama don fitila ta san kana raye. Rawar da ban yi ranar bikina ba, a nan na biya ta.

3. Idan babba ya tambaye ka, ka ce babu wuya

Na fito ido jajur. Alhaji yana zaune a kujerar roba, tawul a kafaɗa. Bai dube ni ba, ruwan gabansa ya tambaya ko wurin nasu da dama.

A nan mutum mai hankali zai faɗi gaskiya, ya yi bayanin goshi da hannun hagu. Kai kada ka yi haka. Tuna bakin da ka cika a gida. Ka ce abin da na ce.

“Da dama sosai, Baba. Yaro ma zai iya.”

Ya shiga. Na ji ruwa ya zubo sau ɗaya, ya tsaya. Na ga hasken 'yar tagar ɗakin wankan ya mutu. Shiru ya yi tsawo. Can sai ga shi ya fito, riga a jiki, hula daidai, ya yi hamdala, ya wuce tantinsa.

An ce matambayi ba ya ɓata. Ba a faɗi halin wanda ya tambayi mijin 'yarsa ba. Abin da yaro ma zai iya, da wane baki dattijo zai dawo ya ce ya gagare shi?

4. Ka girmama salka, ka gaida shanu

Ran Litinin aka kai mu wata gona. A nan muka ga abin da ya kusa sa Shu'ibu kuka: kacala an shuka ta layi-layi, ana ba ta ruwa, ana auna tsayinta, wai kayan gini ake yi da ita. Ya ce in gaya musu in suna so ya kawo musu tirela ɗari, ko sisi ba ya so.

Wurin wankan gonar salka ce ta baƙar roba, an rataye a reshen itace, rana za ta ɗumama ta. Ka san ranar can ba irin tamu ba ce. Takan leƙo wajen ƙarfe sha ɗaya kamar ma'aikacin da ya zo sa hannu, ta koma. Ruwan kuwa kamar an ɗebo daga randar ƙanƙara. An zagaye wurin da tamfol daga gwiwa zuwa kafaɗa, kafaɗar gajeren mutum. Bayan shinge kuma ga shanu dabbare-dabbare, da ka taɓa bakin salkar sai su jeru su zuba maka ido.

Shawarata: gaishe su, ka rufe ido, ka yi sauri. Na yi, ina karkarwa har la'asar.

Alhaji ya tafi da tawul. Sa'a guda ya yi. Ya dawo yana yabon shanun, girman hantsarsu da tsabtar kofatonsu, har ya ce in tambayi mai gonar abin da yake ba su. Shu'ibu ya ce ai dangi ne suka haɗu, dole hira ta yi tsawo. Shi dama ba ruwansa da shawa. Kullum da safe sai ya faɗa magudanar ruwan da ke kusa da gajeren wando, ya fito yana tururi, yana cewa ruwa ai ruwa ne.

5. Idan ka ga babu bango, juya

Sansani na uku, ran Laraba, shi ne mafi tsada a ido. Ga tayil, ga ruwan zafi kamar da bakin ƙwarya, babu maɓalli, babu rowa. Abu ɗaya ne babu: bango tsakanin mutum da mutum. Maza ne jere, kowa yadda uwarsa ta haife shi, suna ta hirar ƙwallo.

Wannan mataki gajere ne. Juya.

Alhaji ya sa ƙafa ɗaya, ya janye ta. Ya miƙe har ƙarshen filin, ya tsaya gaban wata itaciya yana jan carbi. Ni ma na samu tawa itaciyar, nesa da tasa.

6. Ka iya karatun tawul

Dattijon da bai yi wanka ba ba zai gaya maka ba. Kai ne za ka karanta. Alama ta farko, tawul ɗinsa kullum a shanye yake a igiyar tanti, amma in ka wuce ka shafa, a bushe ƙamas. Ta biyu, turare ya ƙaru: kwalbar da ake ɗiga wa riga ranar Juma'a yanzu safe da yamma ake buɗe ta. Ta uku, a mota zai zaɓi kujerar baya bakin taga, ya buɗe ta duk da sanyi. Ta huɗu, Shu'ibu zai tsokane shi ya ƙi ramawa. Wannan ce ta fi tayar mini da hankali.

Za ka ce me ya hana shi wanka da buta? Butar ɗaya ce, ta Mardiyya, mu uku muke alwala da ita, tunda wani mai ilimi ya ce kada kowa ya ɗauko tasa. Famfo kuma yana can ƙarshen fili. Dogon mutum kamar Alhaji sai ya yi sawu bakwai da buta a gaban Shu'ibu, wanda daidai yake da sanarwa a rediyo.

Ran Alhamis muka isa sansani na ƙarshe. Wurin wankan tsohon akwatin ɗaukar doki ne, irin wanda mota ke ja. Ga rufi, ga bango huɗu, ga sakata. A waje an ɗora ganga a kan murhu, ana hura itace ruwa ya yi zafi. Na ce Allah ya kawo mu. Sai na ga abin da ke ƙasa: wata roba kamar zugazugin maƙeri, sai kana taka ta da ƙafa ruwa yake hawa. Ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan santsi, ɗayar tana aiki, hannu yana cuɗa jiki. Gwiwar Alhaji ta dama kuwa ta daɗe da yin ritaya. Ya leƙa, ya danna robar da sandarsa, ruwa ya tofo kamar yawu, ya juya.

Bayan la'asar ya aiko Shu'ibu ya kira ni. Na durƙusa a bakin tantinsa. Ya ce jikinsa ba daɗi, gobe ni zan yi bayani a madadinsa, shi zai zauna a nan. Na ce Baba, ni Turanci kawai na sani. Turawan suna da taswirar kogin da aka ɗauko daga sama, amma ba su san inda in an buɗe ruwa zai shiga gona ba, da inda in an buɗe zai shiga ɗakunan mutane. Ni ma ban sani ba. Shi kaɗai ya sani.

Ya dubi hannayensa.

“Gobe Juma'a,” ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba.

Na gane. Mutumin da bai taɓa barin wankan Juma'a ba tun yana saurayi, ba zai tsaya gaban baƙi da kwana shida a jikinsa ba, balle ya shiga sahu. Ƙauyuka huɗu suna jiran inji, kuma abin da ya tare hanyar shi ne bakina.

7. Ka ci amanar aikin tafinta

Kada ka nemi gafara. Neman gafara yana nufin ka san bai yi wanka ba, wannan kuwa ya fi laifin farko. Kada ka ce za ka taimaka. Surukin da zai yarda mijin 'yarsa ya tsaya masa a wanka ba a haife shi a cikin Fulani ba. Kada kuma ka sa Shu'ibu, sai dai in kana so jikokin Alhaji su ji labarin a bakin masu kifi.

Je ka zagaya bayan akwatin dokin kamar mai neman sabis ɗin waya. Za ka ga tiyon robar nan yana da tsawo, kuma a gindin bangon baya akwai kafar da ake share kashin doki a da. Zura hannu, ka jawo robar waje, ka rufe ta da ciyawa.

Saura sanarwa. Lokacin cin abincin yamma na tambayi Asabe da Turanci ƙarfe nawa za mu tashi gobe. Ta ba da amsa mai tsawo, da hanyar da za a bi da inda za a ajiye mota. Na juyo na fassara: wai ta ce an gyara wurin wankan, an cire abin takawa, an sa sabon inji mai jin murya. In an yi gyaran murya sau ɗaya ruwa ya zubo, sau biyu ya tsaya. Kuma ya fi aiki bayan sallar asuba.

Shu'ibu ya riƙe baki, ya ce Turawa ba su bar komai ba sai rai. Wanda ya ga fitila mai ganin motsi, me zai hana shi yarda da famfo mai kunne? Asabe tana ta gyaɗa kai tana murmushi, ta ɗauka maganar mota ake.

Alhaji ya ce, “To.”

8. Ka taka

Da aka sallame asuba na ce zan je motsa jiki. Ban yi ƙarya ba. Na hura wuta a gindin gangar, na laɓe bayan akwatin a cikin wata ciyawa mai ƙaiƙayi, na ɗora ƙafa a kan robar.

Gari ya fara haske na ji takun sanda. Ƙofa ta buɗe, sakata ta shiga. Shiru. Har na fara tunanin ya fasa, sai na ji gyaran murya ɗan ƙarami, irin na mai neman izinin shiga zauren da ba nasa ba.

Na taka. Ruwa ya hau tiyo, na ji ya zuba a kan katako. Sai na ji dattijon ya saki wani dogon numfashi, wanda ina jin tun ranar Asabar yake riƙe da shi. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Zan iya cewa hayaƙin murhu ne, amma iska ba ta wajena take kaɗawa ba.

Ka sani, wankan mako guda ba a yin sa da gaggawa. Canja ƙafa kafin ta gaji. Ka kasa kunne: biyu ka tsaya, ɗaya ka ci gaba. Komai zai tafi daidai har sai abin da ban yi lissafi da shi ba ya faru. Mu Hausawa in mun zo ƙofar banɗaki me muke yi don mu ji ko da mutum a ciki?

Shu'ibu ne ya iso da sabulunsa, yau ya fasa magudana, ya zo ganin ikon Allah. A lokacin Alhaji ya tsayar da ruwa yana saɓa sabulu. Shu'ibu ya yi gyaran murya ɗaya. Ni ina baya ba na ganin kowa, na taka. Alhaji ya yi biyu, na tsaya. Shu'ibu ya ji ruwa ya amsa masa daga waje, daɗi ya kama shi, ya sake ɗaya. Na taka. Biyu daga ciki. Ɗaya daga waje. Sai tururi ya sarƙe Alhaji, tari na gaskiya ya kama shi, guda shida a jere. Ban tanadi doka ta shida ba, sai na riƙa ba da rabi-rabi.

Ana haka jijiyar sharaɓata ta ɗaure tamau. Na cije leɓe, amma wata 'yar wayyo Allah ta kuɓuce ta tsakanin haƙora. Na zube a kan gwiwa na ci gaba da dannawa da hannu biyu.

Da na ɗago sai na ga kare, bayan karen kuma Asabe. Ta dubi tiyon, ta dubi akwatin, ta dube ni a cikin ciyawa. Na sa yatsa a baki. Ta juya, jim kaɗan ta dawo da ruwa ta ƙara a gangar da ta kusa ƙafewa. Da bokiti biyu ta kawo shi. Ashe duk kwanakin nan akwai bokiti a bayan motarta. Babu wanda ya tambaya.

Daga ƙarshe biyu suka zo, ba a sake ɗaya ba. Sakata ta buɗe. Na lallaɓa ta bayan itatuwa da ƙafa ɗaya da rabi, na ɓullo ta gaba kamar mai dawowa daga gudu. Alhaji yana tsaye, gemu yana ɗigar ruwa, fuska kamar an rage masa shekara goma.

Shu'ibu ya faɗa ciki da sauri. Ya tuɓe, ya yi gyaran murya. Shiru. Ya ƙara da ƙarfi. Ya gwada da kauri, ya gwada da siriri, har ya yi sallama. Ko ɗigo. Ya leƙo da kai ta ƙofa ya ce ai ɗazu daga waje ma yana jin sa.

Alhaji ya gyara tawul a kafaɗa.

“Ɗazu albarkacina ka ci,” ya ce. “Ba ya jin muryar Barebari.”

Ranar ma a magudana Shu'ibu ya yi wanka.

9. Kada ka amsa

Ƙarfe goma muna gaban mutum bakwai a wani ɗakin taro. Alhaji cikin farar babbar riga ya ƙarasa gaban taswirarsu, ya karɓi alƙalami a hannun wani. Ya nuna musu inda tsohon mashigi ya bi kafin a gina madatsun ruwa, da inda ƙasa take da kwari, da wurare uku da in aka yanke kacala a cikinsu ruwa zai kwana a ɗakunan mutane. Wata tsohuwa a cikinsu ta tambaya ta yaya ya san zurfin wurin ba tare da awo ba. Ya ce yana yaro ya ƙetare shi da shanu, ya san inda ruwa ya kai wa maraƙi da inda ya kai wa bijimi. Ni ina gefe na dafa tebur ina fassarawa, wannan karon kalma da kalma, ban ƙara ko wasali ba. Daga nan Asabe ta kai mu wani ƙaramin masallaci a cikin gari, Alhaji ya shiga sahun gaba.

Injin ya iso bayan wata takwas. An buɗe mashigin ta inda ya zana. Bana ƙauyuka biyu sun shuka alkama, sauran biyun suna jiran a ƙarasa.

Amma matakin da nake so ka riƙe a jirgin dawowa ya faru. Shu'ibu ya yi barci, baki buɗe. Ni ina tsakiya, ina ta neman yadda zan miƙe ƙafa ba tare da na yi nishi ba. Alhaji yana kallon gajimare ta taga.

“Turawan nan akwai hikima,” ya ce. “Sai dai injin nasu na jiya, da ya gaji, da Hausa ya yi kuka.”

Ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin man zafin da yake shafa wa gwiwarsa, ya ɗora a kan cinyata, idonsa har yanzu a taga.

“A shafa masa.”

Kada ka ce komai. Kada ka gode, kada ka musa, kada ka yi dariya. Sa hannu biyu ka ɗauka, ka sunkuyar da kai, ka ƙura wa takardar da ke bayan kujera ido kamar za a yi maka jarrabawa a kanta. Haka na yi har muka sauka.

Ba ruwana

Yanzu ka saurara da kyau, don kada gobe a ce Malam Muttaka ne ya sa. Shawara na bayar, ban ɗaure kowa ba.

Ba ruwana idan abokin tafiyarku ya dawo yana rantsuwa a kasuwar Miga cewa a Turai akwai famfo mai wariyar ƙabila. Ba ruwana idan wani attajiri daga Jahun ya yi sallama a ƙofar gidanka yana so ka samo masa irinsa don sabon gidansa. Ba ruwana idan surukinka ya fara aiko a kira ka ba don komai ba, ya sa a ajiye tire ɗaya a tsakaninku, ya ci, ya ce ka ci, kai kuma loma ta ƙi wucewa. Idan matarka ta tsare ka da tambayar me ya faru tsakaninka da mahaifinta a can, ka ce kacala ce, ta ƙi yarda, wannan ma tsakaninku ne.

Idan kuma wata rana kuna zaune a majalisa cikin mutane, dattijon ya yi gyaran murya zai fara magana, ka ga ƙafarka ta dama ta taka ƙasa da kanta, kada ka zo wurina neman magani. Tawa ma har yau ba ta daina ba.